Ƙorafi Kan Gudun Babura a Titin Gaban Makarantarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
ta hannun Mai Girma Hakimi.



Ranka ya daɗe, ni tela ne, shagona yana bakin titin da ya ratsa gaban makarantar firamare ya nufi kasuwa. Na rubuto wannan takarda da yawun maƙwabtana, iyayen yara da masu shaguna, bayan mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa mun ga lamarin ya fi ƙarfinmu.

Da aka shimfiɗa mana kwalta mun yi godiya, har gobe ma muna yi. Amma a da ramuka da yashi ne suke riƙe da masu babur, ko suna so ko ba sa so. Yanzu titi ya yi sumul, ya miƙe sar daga gidan mai har kwanar kasuwa. Babu tudun rage gudu ko ɗaya, babu allon da ke nuna akwai makaranta, babu farin layin da yara za su bi su tsallaka. An gyara wa babur hanya, an bar mai tafiya a ƙasa da addu'a.

Wata Laraba, daidai lokacin tashi daga makaranta, ina kan keke ina ɗinki na ji ƙarar birki, sai wani sauti kamar an yar da buhun hatsi. Da na fito, takalminta na fara gani, ƙafa ɗaya, a tsakiyar kwalta, jakar littattafanta a can gefe. 'Yata ce ta uku, shekararta 8. Cinyarta ta karye. Wanda ya buge ta yana kwance a bakin lambatu, jini na fita ta kunnensa, kansa babu hular kwano, kuma ko gemu bai fara ba. An aike shi sayen garin tuwo ne da babur ɗin yayansa. Daga asibitin garinmu aka tura mu Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, aka sa mata ƙarfe a ƙafa, na sayar da ɗaya daga kekunan ɗinkina biyu na biya. Ita yanzu tana takawa da sanda, alhamdu lillahi. Shi yaron ya farfaɗo, amma maganarsa ba ta dawo daidai ba. Mahaifinsa ya zo shagona yana hawaye yana ba ni haƙuri, na ce na yafe, kuma har zuciyata na yafe, domin rashinsa ya fi nawa. Mun yarda da ƙaddara, ranka ya daɗe. Sai dai yarda da ƙaddara ba ta hana mutum rufe rijiyar da ke tsakar gidansa.

Tun daga ranar na shiga tambayar masu sani yadda gudu yake kisa, kuma abin da na ji ya tsaya mini a rai. Babur ɗin da ke tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Kafin idon mahayi ya ga yaro, ƙafarsa ta kai ga birki, ya riga ya shafe wannan tazarar, wadda ta fi faɗin titinmu. Idan kuma aka ninka gudu sau biyu, nisan da babur zai ja kafin ya tsaya sau huɗu yake ninkuwa. Dokar hanya ta Najeriya ta tsayar wa babur kilomita 50 a awa a cikin gari, kuma ko wannan ya yi yawa a ƙofar makaranta. A nan kuwa kowa yana murɗa totur iya son ransa. Mai mota yana da ƙarfe da gilashi kewaye da shi. Mai babur jikinsa ne bodinsa.

Ba kowane mai gudu ne ɗan iska ba, wannan na sani domin ina ɗinka wa da yawansu kaya. Ɗan acaɓa da yawa babur ɗin ba nasa ba ne, kullum da yamma sai ya kai wa mai shi balas, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin da yake zuba wa tanki ya cinye ribarsa. To sai ya nemi ya yi sawu goma a lokacin sawu biyar, ya ɗora mutum uku da kwandon tumatir a kan Boxer ɗaya. Fasinja ma yana da laifi, shi ne mai cewa “Malam yi sauri, na makara.” Waɗannan da nasiha da horo za su gyaru. Waɗanda ba mu da uzurin da za mu ba su su ne samarin da ke wasan babur ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya. Su cire salansa, su ɗaga tayar gaba, wani ya miƙe tsaye a kan kujera, wani ya kwanta ya saki hannu, a tsakiyar mata da yara. Da su da iyayen da ke miƙa wa yaro ɗan shekara 12 makulli, ƙafarsa ba ta ko kai ƙasa, suna alfahari wai ya iya.

Da muka gaji, wasu daga cikinmu suka tara ƙasa da duwatsu suka yi tudu a titi. Ban ɓoye maka ba, kuskure ne. Da dare wani bawan Allah ya ɗauko matarsa a babur bai ga tudun ba, suka zube su biyu. Mun kwashe tudun da safe muna jin kunya. Wannan aikin injiniya ne, ba na masu shebur ba.

Ba mu zo neman a hana acaɓa ba. Da shi ake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, da shi samarinmu da yawa suke ciyar da iyayensu. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, amma wancan dalilin tsaro ne, namu kuwa gudu ne. Kuma ba ma son dokar da za ta zama kasuwar tare hanya. Mun tuna lokacin da aka tilasta sa hular kwano a farkon 2009, mutane suka riƙa kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka don kawai su wuce shinge. Dokar mai kyau ce, hular kwano tana ceton rai, amma ba a zauna da mahaya an fahimtar da su ba, ba a kuma sauƙaƙa musu samun ta ƙwarai ba.

Abin da muke roƙo, ranka ya daɗe, a turo ma'aikatan ayyuka su yi mana tudun rage gudu na ƙa'ida kafin makaranta da bayanta da kuma kwanar kasuwa, a shafa musu fenti yadda za a hango su da dare, a kafa allo, a ja layin tsallakawa. A ba mu mutum ɗaya mai kaki da zai tsaya da safe da lokacin tashi ya tsallakar da yara. Idan babu kuɗin wannan, iyaye sun yarda su yi karɓa-karɓa in an ba su riga da izini. Muna roƙon ka gayyato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra su zauna da shugabannin 'yan acaɓa kan lasisi da hular kwano da lodin da ya wuce kima, Mai Girma Hakimi kuma ya umarci dagatai da limamai su sanar cewa an hana wasan babur a biki. Duk babur ɗin da aka kama a hannun ƙaramin yaro, a riƙe shi sai uban ya zo da kansa.

Ranar Juma'a yara suna tashi daidai lokacin da masu babur ke rige-rigen kai mutane masallaci. Idan Allah ya ba ka iko, ka zo a wannan lokacin ba tare da jiniya ba. Akwai benci a ƙofar shagona, daga nan ana ganin titin gaba ɗaya.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka mai biyayya,
Tela na bakin titin makaranta,
a madadin iyayen yara da masu shagunan unguwa.