RA'AYINMU: In Buhu Ya Ƙare, Me Ya Rage Wa Talaka?

Kowace shekara, da zarar azumi ya kama ko fari ya auku, sai mu ga attajirai da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji sun fito da buhunan hatsi ana rabo. Ba mu raina wannan ba, domin mai jin yunwa ba ya sauraron dogon bayani, kuma ladan ciyarwa yana wurin Allah. Amma ya wajaba mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata mu tambayi kanmu: in buhu ya ƙare, me ya rage a hannun talaka?

Abin da ya faru a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ya ishe mu misali. Bayan farin shekarun 1970 an kashe dukiya mai yawa wajen dashen itatuwa, amma yawancin abin da aka dasa rana da iska da awaki suka gama da shi. A shekarar 1983 wani ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM, mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara wajen sharar gona toho ne na tsofaffin kututture, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka sare sauran, aka kuma tsare su daga dabba da gatari, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Ba sayen iri, ba ban-ruwa, adda kaɗai ake bukata. Wannan shi ake kira sassabin zamani.

Da yunwar 1984 ta zo, ƙungiyar ta riƙa ba manoman ƙauyuka kusan 100 abinci bisa sharaɗin su bar itatuwa a gonakinsu. Da rabo ya tsaya, yawancinsu suka koma suka sare abinsu. To, a nan darasin yake. Abinci ya ceci rai, amma bai sauya ra'ayin manomi ba. Abin da ya sauya shi biyu ne. Na farko, waɗanda suka bar nasu itatuwan sun ga amfani da idonsu: gawo yana kaɗe ganye da damina ya zama taki, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani, kalgo da sabara suna tare iska, mata kuma sun sami itacen girki har da na sayarwa ba tare da doguwar tafiya ba. Na biyu, dokar da aka gada tun zamanin Faransa ta mai da itatuwa mallakar hukuma, har ana cin manomi tara in ya sare na gonarsa. Wa zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba? Da aka sassauta wannan doka, maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci. A shekarar 2009 masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da aka farfaɗo da su ta haka a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin agaji su fara tambayar abin da talaka ke da shi kafin su sauke masa abin da suka ɗauko, su kuma auna nasararsu da abin da ya ɗore bayan sun tashi. Attajiranmu kuwa, ko da kashi ɗaya na abin da suke rabawa suka mayar jari, kamar keken ɗinki ko injin niƙa ko akuya biyu, da mai karɓar zakka bana ya kama hanyar fitar da ita watarana. Su kuma kamfanoni, babban taimakon da za su yi wa ƙauye shi ne su sayi amfanin gonarsa da farashin gaskiya, su biya a kan lokaci, domin kasuwa ce ke sa manomi ya ƙara himma.

Sauran magana tamu ce. Gobe mu ne malaman gona, mu ne jami'an daji, mu ne akawun ƙananan hukumomi. Takardar da za ta tabbatar wa manomi gonarsa da itacensa, ko ta hana shi, ta teburinmu za ta bi. In muka ɗauki mutumin ƙauye jahili mai jiran sadaka, to mun zama gatarin da ke sare toho tun bai kai ko'ina ba. Mu tuna da harajin iyayenmu talakawa aka gina azuzuwan da muke zaune a ciki, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.