Tocilar Baffa da ƙaryar da ke jikin kwali

A ƙarshen kakar bara, lokacin da masu noman rani suka fara gyaran fadama, ƙanin mahaifina ya aiko mini da saƙo ta bakin ɗansa. Ya ce a gaya wa Dakta, idan zai zo gida ya taho masa da tocila mai cin zango, wadda zai tsaya a bakin bukka ya hango ƙarshen gonar albasa. Yana da dalili. Injin ban-ruwansa a bakin rafi yake kwana, kuma shekarar da ta gabata an ɗauke na maƙwabcinsa tsakar dare. Ga kuma shanun da kan ɓalle su faɗa gona, su yi wa mutum ɓarnar wata uku kafin asuba.

Na shiga kasuwa da ƙarfin gwiwar mai ilimi. A wani shago aka jera mini tocila wajen iri goma, na duba kwalayensu kamar yadda nake duba takardun jarrabawa, na zaɓi wadda ta fi kowacce maki. An rubuta a jikinta cewa tana fitar da lumen 100,000, batirinta kuma yana ɗaukar 9,900mAh. Mai shago ya kunna ta a fuskata da rana tsaka, idona ya yi duhu, na biya ban ko taya ba.

Daren da na kai ta muka gwada. Ta haske gindin mangwaron da ke gabanmu fes, har ana ganin tururuwa, amma can bakin rafi inda injin yake ba abin da ya isa sai wani farin hazo. Bayan mako uku aka gaya mini cewa idan an cika ta da caji, kafin mutum ya gama alwala ta fara lumshewa. Da na koma gaishe shi, Baffa ya miƙo mini ita ya ce, “Dakta, wannan tocilar taka halin ɗan takara gare ta. Ranar farko ta cika gari da haske, daga nan sai labari.” Na ce, “Baffa, a yi mini afuwa, zan sake.” Ya ce, “Afuwa kam an yi, amma wannan karon ka tambayi waɗanda suka sani.”

Na bi shawararsa. Na sami wani abokin aikina da ke koyar da fiziks, ya zaunar da ni kamar ɗalibin aji ɗaya. Abin da na koya a wannan zama shi nake son raba wa mai karatu, domin na tabbata ba ni kaɗai kwali ya taɓa yaudara ba.

Mu fara da lumen ɗin da ya ruɗe ni. Lumen ma'auni ne na jimlar hasken da fitila ke fitarwa ta kowace fuska. Ƙwan fitilar gaban mota na gargajiya, mai wat 55, yana bayar da tsakanin lumen 1,000 zuwa 1,600. Ƙwan LED na tocila kuwa yana samar da kimanin lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat ɗaya na wuta. Ke nan kafin tocila ta fitar da lumen 100,000 sai ta ja wutar da ta kusa wat 1,000, wato abin da dutsen guga ke ja. Batirin da ke cikinta, ko na gaskiya ne, da ƙyar zai kai minti ɗaya a haka, kuma robar jikinta za ta narke tun kafin nan. Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Ni da digiri uku na tsallake shi saboda son babbar lamba.

To, ko da lambar gaskiya ce, ba ita ke kai haske nesa ba, kuma nan ne gundarin maganar. Manomin rani ya fi kowa saurin fahimtarta. Idan ka buɗe bakin tiyo, ruwa mai yawa zai zubo a gabanka. Idan ka matse bakin da ɗan yatsa, ruwan bai ƙaru ba, amma zai tsallake kwami uku. Haka haske yake. Yawan ruwan shi ne lumen, ƙarfin feshin kuma shi ake kira kandela. Tocila mai lumen 500 da ta tattara haskenta wuri guda za ta fi mai lumen 2,000 da ta watsa shi cin zango, nesa ba kusa ba.

Tun shekarar 2009 masu ƙera tocila a Amurka suka amince da wani ma'auni mai suna ANSI FL1, kuma kamfanonin da ke mutunta kansu a wasu ƙasashe suna bin sa. A wannan ma'auni, zangon tocila shi ne nisan da haskenta ya ragu ya koma daidai da hasken farin wata a daren sha huɗu. Lissafinsa ya nuna cewa tocila mai kandela 10,000 tana kai mita 200, mai kandela 40,000 tana kai mita 400. A lura da kyau: kafin zango ya ninka sau biyu, sai ƙarfi ya ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa kuɗi ke tashi da sauri idan mutum ya nace sai ya hango ƙauyen gaba. Sannan hasken farin wata a nisan mita 400 ba zai bambance maka mutum da kututture ba. Don haka idan ka ga an rubuta mita 400 a kwalin da ba ya ƙarya, raba shi biyu, abin da ya rage shi ne na aiki. Gonar Baffa daga bukka zuwa rafi ba ta wuce tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi ba, kimanin mita 150. Tocila mai kandela 25,000 zuwa 40,000 ta ishe shi har da ragi.

Mai karatu zai ce, ina ruwan kasuwanninmu da kandela, alhali yawancin kwalayen ba sa ma ambatonta? Gaskiya ne. Sai dai ido yana iya gane tocila mai nisa ko ba rubutu. A dubi kanta. Kwanon nan mai sheƙi da ke kewaye da ƙwan, idan yana da faɗi da zurfi kuma cikinsa sumul kamar madubi, ƙwan kuma guda ɗaya ne ƙarami a tsakiya, to wannan mai jifa ce. Idan kan gajere ne, ko kuwa an cika shi da ƙananan ƙwayaye goma sha, to ta tsakar gida ce, komai ƙarfinta. A haska ta a bango daga taku goma. Wadda ta yi ɗan da'ira mai kaifi a tsakiya, da sassauƙan haske a gefe, ita ake nema.

Akwai kuma irin wadda ake jan kanta gaba da baya, ta buɗe ko ta matse. Samari suna ƙaunarta, ni ma ta burge ni. Aibinta biyu ne. Idan aka matse ta, haske mai yawa yana maƙalewa cikin kan bai fito ba, kuma wanda ya fito ba shi da gefe, sai mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Na biyu, duk ja da turawa tana shaƙar iska, ta shigar da ƙura da laima. A ƙasar da ake wata uku cikin hunturu, wannan ba ƙaramin lahani ba ne. Tunda an ambaci hunturu, farin haske mai ratsin shuɗi ya fi dawowa ido idan ya bugi ƙura ko hazo. Wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa ya fi daɗin gani a irin wannan dare, ko da yake a shago shi ne zai yi kamar mai rauni.

Sai batiri, inda aka fi cin amanar talaka. Yawancin tocila masu caji na zamani suna amfani da batirin litiyam da ake kira 18650. Sunan daga girmansa ya fito: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Mafi kyawun da manyan kamfanonin Japan da Koriya ta Kudu ke yi a wannan girma bai wuce kimanin 3,500mAh ba. Saboda haka duk wanda aka rubuta wa 6,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta, kuma sau da yawa abin da ke ciki bai kai 1,000 ba. Na gaskiya yana da nauyin giram 45 ko sama kaɗan. Na jabu yakan yi sakayau a hannu. Da na kai nawa kan sikelin ɗakin gwaje-gwaje, abokin nawa dariya kawai ya yi.

Batiri na gaskiya mai 3,000mAh yana riƙe da abin da zai ba da cikakken haske mai lumen 1,000 na kimanin awa ɗaya, ko kuma lumen 100 na wajen awa goma. Wannan ya nuna cewa tocilar da ba ta da ƙaramin mataki ba ta dace da mai kwana a gona ba. Yawancin dare ƙaramin haske ake buƙata, babban kuwa na daƙiƙa goma ne, lokacin da kare ya yi haushi. Kuma a yankunan da tsaro ya taɓarɓare, kowa ya san haske mai nisa yana nuna inda mai shi yake tun kafin ya nuna masa kowa. Na ga tocilar da sai ka bi ta kan mataki biyar, har da mai walƙiya irin ta motar asibiti, kafin ta mutu. Wanda ya ƙera ta bai taɓa jin motsi a bayan bukka da ƙarfe biyun dare ba.

Shawarata a nan ita ce a sayi wadda ake kwance gindinta a cire batirin. Idan ya mutu a sauya shi, idan kuma da hali a riƙe biyu, ɗaya na aiki ɗaya na wurin mai cajin waya ko kan ƙaramar sola. Manyan tocilan roba masu hannu, waɗanda ake sokawa a bango, da yawansu suna ɗauke da batirin dalma, ɗan'uwan na babur. Suna da araha kuma kansu yana da faɗi, don haka suna jifa. Amma irin wannan batiri ba ya son a bar shi fanko, kuma a garin da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba, fanko zai riƙa kwana har ya mutu. Tsohuwar tocilar ƙarfe mai manyan batira biyu, wadda muka tashi muka gani a ƙarƙashin matashin iyayenmu, ba ta mutuwa, sai dai kuɗin batirinta a shekara ya fi kuɗin sabuwar tocila. Litiyam kuma yana da nasa sharaɗi: kada a bar shi cikin rana, kada a yi amfani da wanda rigarsa ta yage, kada a bar shi kan caji kusa da katifa a kwanta.

Duk wannan na tattara na koma kasuwa, amma a hanya wani tunani ya tsayar da ni. Mene ne ainihin abin da ya fi barazana ga ran Baffa a fadama? Ɓarawon inji zai ɗauki ƙarfe ya tafi. Kububuwa kuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, a ƙarƙashin ƙafa take, kuma da magariba da dare take fitowa. Ita ce kan gaba wajen saran manoma da makiyaya a yankin savana na Nijeriya, kuma duk wanda ya san asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe ya san yadda yake cika a lokacin shuka da girbi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma cikin hanyoyin kariya da take ambata akwai takalmi mai rufi da riƙe fitila idan za a yi tafiyar dare. Tocilar da ta matse haskenta ta jefa shi mita 300 tana barin taku ukun da ke gabanka cikin duhu. Ƙari a kan haka, mai karkatar da ruwa daga kwami zuwa kwami yana buƙatar hannuwansa biyu, shi ya sa za ka ga manomi ya cije tocila a baki ko ya maƙale ta a hammata.

Don haka na raba kuɗin gida biyu. Na sayi mai jifa guda, matsakaiciya, jikin ƙarfe, mai zoben roba a mahaɗarta don tare ruwa, wadda kwalinta ya yi iƙirarin lumen 1,000 kacal. Ƙanƙantar lambar ce ma ta sa na amince da ita. Na nemi mai shagon ya yarda in dawo da ita idan ta gaza a gwajin dare, ya yarda bayan ɗan ja-in-ja. Da sauran kuɗin na sayi ƙaramar fitilar goshi mai watsa haske, irin ta mafarauta, da batiri guda na ajiya wanda na auna a hannu kafin in biya. Jimlar ukun ba ta kai abin da na kashe a kan ta farko ba da wani abin kirki.

Ga ɗalibanmu na kimiyya kuwa, akwai aiki a nan mai sauƙi da amfani. Yawancin wayoyin hannu suna da na'urar auna haske, kuma akwai manhajojin da ke nuna adadinsa da ma'aunin luks. A tsaya mita goma daga tocila cikin duhu, a auna tsakiyar hasken, a ninka adadin sau 100, an sami kandela. Waya ba ta kai na'urar ɗakin gwaji daidaito ba, amma ta isa ta jera tocila ashirin na kasuwar garinku daga mai gaskiya zuwa maƙaryaciya. Da za a buga irin wannan jeri da Hausa a karanta a rediyo, da ya fi wasu kundayen kammala digiri da muke dubawa amfanar jama'a.

Ranar da na kai wa Baffa, bayan sallar isha'i muka gangara fadama. Ya tsaya a bakin bukka ya danna, sai ga injin can bakin rafi, har jarkar man da ke gefensa ana gani. Bai ce komai ba, ya kashe, ya sake kunnawa, ya kashe. Fitilar goshin ce ya ƙi da farko, wai zai yi kama da mai farautar gafiya. Makon jiya ɗansa ya kira ni ya ce yanzu ita ce ba ta barin kansa, kuma ya ce a gaya wa Dakta ya ƙaro guda, domin jikanyarsa mai shirin jarrabawar fita sakandare ta fara ɗauke masa ita da daddare.