Tseren keken laka: Wa zai iya taka wa Van der Poel birki?

A ranar 2 ga Fabrairun 2025, a garin Liévin da ke arewacin Faransa, Mathieu van der Poel ɗan ƙasar Holan ya lashe kambun duniya na tseren keken laka karo na bakwai. Da wannan nasara ya kamo tarihin Erik De Vlaeminck ɗan Beljiyam, wanda ya ci nasa na bakwai tun a 1973. Gasar duniya ta 2026 kuwa a garin Hulst na ƙasar Holan aka tsara ta, wato a gaban jama'arsa. Shi ya sa masu bibiyar wasan suka riƙa tambayar ko akwai wanda zai hana shi cin na takwas.

Wannan wasa da Turawa ke kira cyclocross ana yin sa ne a lokacin sanyi, kuma Beljiyam da Holan ne cibiyarsa. Mahaya kan yi ta zagaya fili mai tsawon kilomita biyu da rabi zuwa uku da rabi na kimanin awa guda, suna ratsa taɓo da rairayi da ciyawa da tudu. Inda keke ya ƙi tafiya, sai mahayi ya sauka ya saɓa shi a kafaɗa ya ruga da gudu. Dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana faɗin taya ya wuce milimita 33, kuma akwai wurin da makanikai ke jira da wani keken da aka wanke domin a musanya. A tseren kan titi abokan ƙungiya kan kare jagoransu daga iska, amma a laka wannan dabara ba ta da tasiri sosai. Kowa tasa ce ke fisshe shi.

Alƙaluma sun nuna girman tazarar. A kakar 2023 zuwa 2024, Van der Poel ya shiga tsere 14 ya ci 13. Wanda ya kuɓuce masa shi ne na Benidorm a Sifaniya, inda ya yi karo da wani turke a gefen hanya ya ƙare a na biyar. A kakar da ta biyo baya tsere takwas ya shiga, kuma duk ya cinye su.

Dalilin wannan fifiko shi ne ya haɗa abubuwa biyu da ba kasafai ake samun su a jikin mutum ɗaya ba. Na farko gwanintar sarrafa keke, wadda ya tashi da ita tun yana yaro, domin mahaifinsa Adrie van der Poel ya ci kambun duniya na wannan wasa a 1996. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na biyu ƙarfin jiki da juriya da ya samu daga tseren kan titi na fiye da kilomita 250. Ya ci Paris-Roubaix sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025, ya kuma zama zakaran duniya na kan titi a Glasgow a 2023. Wanda ya saba da wahalar awa shida, tseren awa guda ba ya gajiyar da shi yadda yake gajiyar da sauran.

Mutum ɗaya ne tarihi ya tabbatar zai iya kayar da shi a babbar rana, wato Wout van Aert ɗan Beljiyam, wanda ya riƙe kambun duniya shekara uku a jere, 2016 da 2017 da 2018. A Valkenburg a 2018 taɓo ya yi kauri har mahaya suka riƙa gudu da ƙafa a wurare da yawa, kuma a nan Van der Poel ya ƙare a na uku. A Hoogerheide a 2023 kuwa sai a mitocin ƙarshe Van der Poel ya sha gabansa. Sai dai Van Aert ya fi mayar da hankali ga tseren kan titi, kuma munanan faɗuwa biyu da ya yi a 2024 sun ja shi baya. Ƙarancin tseren da yake shiga a laka yana rage masa maki, maki kuwa su ke tantance layin da mahayi zai tsaya wajen tashi. A Liévin daga layukan baya ya tashi, kafin ya kutsa ta cikin cunkoso abokin hamayyarsa ya yi nisa. Ya zo na biyu da tazarar daƙiƙa 45.

Tom Pidcock ɗan Birtaniya ya ci kambun a 2022 a Fayetteville ta Amurka, amma a shekarar Van der Poel yana jinyar ciwon baya, Van Aert ma bai je ba. Pidcock ya fi karkata ga tseren duwatsu, inda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo da ta Paris, da kuma tseren kan titi, inda ya zo na uku a babban zagayen Sifaniya na 2025.

A nan matsalar wasan take. Manyan kuɗi da suna suna kan titi ne, saboda haka duk matashin da ya nuna ƙarfin da zai iya ja da Van der Poel, ƙungiyoyin titi kan ɗauke shi su taƙaita masa wasan hunturu. Waɗanda suka rage a laka tun daga Oktoba har Fabrairu, irin su Michael Vanthourenhout, ƙwararru ne da suka ci kofin duniya na jimillar kaka, amma suna isa watan Disamba da gajiyar makonni, daidai lokacin da shi yake shigowa da hutu da cikakken shiri. Wasan na rasa masu ƙalubale tun kafin su nuna.

Fatan da ya rage yana kan matasa biyu. Thibau Nys ɗan Beljiyam, wanda aka haifa a 2002, ɗa ne ga Sven Nys, zakaran duniya na 2005 da 2013. Ya ci kambun Turai a 2024, ya zo na uku a Liévin, kuma yana haɗa laka da titi kamar yadda Van der Poel ya yi. Tibor Del Grosso ɗan Holan ya ci kambun duniya na 'yan ƙasa da shekara 23 sau biyu, a 2024 da 2025, sai dai ƙungiya ɗaya suke da Van der Poel. Dukansu biyu suna da gwaninta, abin da ya rage musu shi ne shekarun da ke gina juriya.

Ga masu shirya gasa, lamarin gaba kura ne baya sayaki. Zuwan Van der Poel yana cika fili da 'yan kallo masu sayen tikiti, shi ya sa ake biyan sa kuɗin halarta. Amma idan tun a zagaye na biyu an san wanda zai ci, sai kallo ya koma kan wa zai zo na biyu, kuma hakan ba ya riƙe masu kallon talabijin da kamfanonin talla na dogon lokaci.

Idan aka duba inda ya yi asara a 'yan shekarun nan, rauni ne ko karo ko fili mai taɓon da ke tilasta gudu da ƙafa. Van Aert mai cikakkiyar lafiya, wanda ya tashi daga layin gaba a irin wannan fili, shi kaɗai ne ke da hujjar cewa zai iya. Nys da Del Grosso sai sun ƙara shekara biyu ko uku, kuma lokaci yana tare da su, domin Van der Poel ya cika shekara 31 a Janairun 2026. Kafin nan, duk wanda ya ce zai kayar da shi da ƙarfi kawai, ba tare da tsautsayi ya taimaka masa ba, alƙaluman kakanni biyun da aka ambata ba su goyi bayansa ba.