Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Tarayya kan 'Yan Majalisa Masu Cin Kwangila

Ya masu girma sanatoci da wakilai,

A garinmu akwai rijiyar burtsatse ta aikin mazaɓa. Allon sunan aikin yana nan tsaye, amma famfon ya ƙafe tun kafin damina ta zagayo, yara sun koma tura kurar jarkoki da asuba. Maganar da ke bakin kowa ita ce, kamfanin da ya yi aikin na ɗan majalisarmu ne, sunan ƙaninsa kawai aka sa a takarda. Wa za mu kai wa ƙara, alhali shi ne mai sa ido?

Sashe na 66 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana kujera ga ɗan ƙungiyar asiri da mai takardar bogi, amma bai ambaci mai hannu a kwangilar gwamnati ba. Wannan giɓi yana ci mini tuwo a ƙwarya. Indiya ta toshe shi a dokar zaɓenta ta 1951. A Ostireliya ma, babbar kotu ta soke zaɓen Sanata Bob Day a 2017 kan hayar ginin ofishinsa da gwamnati za ta biya.

Don Allah ku gyara sashen nan. Duk wanda ke da kaso a kwangila, ko da sunan matarsa ko yaronsa ne, ya rasa kujerarsa.

Naku,
Wani mai zaɓe daga Arewa