A ba maƙeranmu aikin zuba furen kuka da tagulla

A ƙarshen shekarun 1930, wani mutum mai suna Isaiah Anozie yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa da ke Igbo-Ukwu, cikin jihar Anambra ta yanzu, sai ya ci karo da wasu kayan tagulla binne a ƙasa. Daga baya Thurstan Shaw, masanin tonon kayan tarihi ɗan Ingila, ya yi aiki a wurin daga 1959 zuwa 1960, ya sake komawa a 1964. Bincike ya nuna kayan na ƙarni na 9 ne ko na 10, wato sun haura shekara dubu. Mutane na yawan yaba tsufansu. Ni kuwa abin da ke jikinsu ne ya fi kama ni: fara, ƙudaje, ƙwari, kwaɗi da macizai, duk an zuba su da tagulla a jikin ƙore da sauran kayan ado. Akwai wani mazubi mai siffar ƙoƙon dodon koɗi, ga damisa tsaye a kansa.

Sai wanda ya san yadda ake zubi zai gane nauyin wannan aiki. Maƙeri zai fara ƙera abin da kakin zuma ko ƙaron itace, ya fitar da kowace ƙafa da kowane fiffike. Sai ya lulluɓe shi da yumɓu, ya bari ya bushe, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da kakin ya bari. In ta huce sai a fasa yumɓun. Ba a maimaitawa da wannan mazubi, in an kuskure an kuskure ke nan. Mutumin da ya yarda ya sha wannan wahala a kan fara, lallai ya zauna ya ƙura mata ido, ya ga yadda cinyarta ke lanƙwashe, kuma ya ga ta cancanci a kashe mata jan ƙarfe da kuza, waɗanda a zamaninsa dukiya ce ta manya.

Ba su kaɗai ba ne. Maƙeran Benin, waɗanda zuriyarsu ke aiki har yau a titin Igun, sun zuba damisa da kifi da zakara, kuma bayan allunansu cike yake da zanen wani ganye mai kunnuwa huɗu. Ɗaya daga cikin zakarun nan, wanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, sai a 2021 kwalejin Jesus ta Kambirij ta miƙo shi. A Tada, ƙasar Nupe, a bakin Kwara, an samu giwa da jiminu biyu na tagulla. Maƙeran Asante na ƙasar Gana, inda kakanninmu suka yi ta fataucin goro, sukan ɗauki ƙwaro na gaske ko gyaɗa da ɓawonta, su rufe da yumɓu su ƙone, su zuba tagulla a gurbin, su mai da shi ma'aunin zinariya.

To mu fa? A zaga manyan biranen Arewa a duba abin da ake ƙawata shataletale da ƙofar otal da shi. Bishiyar kwakwa ce ta roba, mai fitilu ja da kore, da aka sayo daga waje, wadda rana ke koɗar da ita kafin damina biyu. In an tashi karrama baƙo a wajen taro, gilashi ne ake miƙa masa, an manna takarda a jiki. Kuɗin jama'a ne ke tafiya a haka, alhali maƙeran farinmu, jikokin masu zuba likkafa da mundaye, da 'yan'uwansu na Bida masu buga tire da buta, da yawansu sun koma jiran mai gyaran ɗan kunne.

Kuma ba abin zubawa muka rasa ba. Yara nawa ne a Kano ko Zariya suka taɓa ganin furen kuka? Fari ne fat, yana reto a doguwar igiya da kansa ƙasa, da almuru yake buɗewa, jemagu su zo su sha ruwansa cikin dare, kafin wani daren ya yanƙwane. Furen ɗorawa ja ne, dunƙulalle kamar tuntun hula. Gurjiya takan zubar da ganye ƙaf da rani sannan ta fitar da jan fure a kan tsiraran rassa. Ga kariya, ga tumfafiya da muke rainawa a bakin hanya, ga bado shimfiɗe a fadamun Haɗeja da Nguru. Kowannensu yana da siffar da maƙeri mai hannu zai yi abin kallo da ita. Kukokin da ke cikin unguwanni kuwa sarewa ake yi ana gina shaguna, don haka abin da ba a adana ba yau, gobe sai a labari.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma Musulmi ne: mutum-mutumin abu mai rai fa? Magana ce mai ƙarfi, ba na wasa da ita, kuma ba na kiran kowa ya kafa gunkin giwa a tsakiyar gari. Amma ai malamanmu sun sha karantar da mu cewa lokacin da wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, da damuwar abincinsa, ya hana shi surar mai rai, ya nuna masa bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Ƙofar tsirrai a buɗe take. Mu ne muka haɗa halal da abin da ake gudu muka yi watsi da su baki ɗaya, sannan muka koma sayen bishiyar roba.

Su kuwa dabbobin, hanyar girmama su ita ce a bar su da rai. A Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka tashi tsaye aka kare su, sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Gauraka da iyayenmu suka saba jin kukansa a fadama, yau da ƙyar ake ganinsa a Najeriya. Maƙeran da addininsu bai hana su ba, su zuba shi, hannunsu ya yi albarka. Namu kuma su zuba kukar da gawon da badon da waɗannan halittu ke rayuwa a cikinsu.

Saura maganar tsada da ɓarayin ƙarfe, kuma gaskiya ce: wanda ya cire murfin kwalbati ba zai bar tagulla a titi ba. Shi ya sa ban ce a fara da ƙaton abu a shataletale ba. A fara da ƙanana: reshen ɗorawa mai tsawon kamu ɗaya da za a riƙa ba baƙi, marikin ƙofar ɗakin karatu mai siffar ɗan kuka, jerin furanni goma a gidan tarihi, kowanne da sunansa na Hausa a ƙasa, yara 'yan makaranta su taɓa da hannunsu. Sassan koyar da zane a jami'o'inmu su haɗa ɗalibansu da tsofaffin maƙera tun suna raye, ɗaya ya kawo zane, ɗaya ya kawo sanin wuta.

Ina roƙon gwamnoninmu da masu martaba sarakuna da shugabannin jami'o'i: duk kyautar karramawa da za a bayar a shekara mai zuwa, a kira maƙerin gida a ba shi aikinta, a biya shi kuɗin kaki da gawayi da tagulla tun kafin ya hura wuta.