Ku Ɗauke Wutar da Hannunku Kafin a Ɗauke Muku

 Yau zan ɗan ajiye maganar zazzaɓi da rigakafin yara, mu yi maganar ruwa da bututu. Kada ku yi saurin wucewa, don ƙarshenta dai lafiyar gida ce.

Maigidan nawa mutum ne mai son kifi, ba na miya ba, na kallo. Tun da ya je Umara ya ga wani tankin gilashi a Jidda cike da kifaye masu launi da murjani, bai sake barina na huta ba sai da irinsa ya shigo falonmu. Murjanin nan da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya, ƙashin wata halitta ce mai rai da ke zaune a teku. Danginta ake kiwo a irin wannan tanki, cikin ruwan da aka haɗa da gishirin teku, kimanin giram 35 a kowace lita.

Irin wannan tanki hawa biyu ne. Akwai na sama da baƙi ke kallo, akwai kuma ƙarami a cikin kabad ɗin ƙasa, inda ake tace ruwan. Injin tura ruwa yana ɗaukar ruwa daga ƙasa ya kai sama. In na sama ya cika, rarar ta tsallaka cikin wani ɗan aljihu da ke jikin bayan gilashin, daga nan ta gangaro ta bututu ta koma ƙasa. Haka ruwan ke zagaye dare da rana. Muddin akwai wuta ke nan.

Wata safiya na dawo daga aikin dare, ido duk yaji, ina cire takalmi na ji ƙafata ta nutse a kafet. Ruwa ne, ya malalo daga ƙarƙashin kabad ya nufi bayan kujera, inda muka yar da soket mai baki huɗu a ƙasa. Saura tafin hannu ya isa. Autarmu a lokacin tana rarrafe, kuma wannan lungun ne wurin wasanta. Ruwan gishiri ya fi ruwan famfo ɗaukar wutar lantarki nesa ba kusa ba. Na taɓa jinyar yaron da wuta ta ja, na san abin da idona ya gani. Ban yi magana ba sai da na kashe babban makunnin gidan, sannan na zauna a ƙasa ƙafafuna suna rawa.

Ranar na ce ko tanki ko ni. Da zuciya ta sauka, sai muka zauna muka bi abin daki-daki, muka gano tankin bai fashe ba, babu ma inda ke yoyo. Lissafi ne ba mu yi ba.

Ga abin da ya faru. Kun san yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo: da zarar ya fara zuwa, ba ya tsayawa sai iska ta shiga bakin tiyon. To, da aka ɗauke wuta cikin dare injin ya tsaya, bututun da ke kai ruwa sama sai ya juya ya zama tiyon zuƙa. Bakinsa kuwa mun nutsa shi santimita 10 cikin ruwa, wai don kada ya yi fantsama. Tankinmu tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 50. Ku ninka 120 sau 50 sau 10, ku raba da 1000: lita 60 ke nan. Sararin da ya rage a tankin ƙasa bai wuce lita 25 ba. Sauran lita 35 ɗin, fiye da jarka guda, su ne na taka a kafet.

Gyaran farko bai ci ko sisi ba. Muka ɗago bakin bututun ya koma santimita 3 kacal ƙasa da saman ruwa. Yanzu in wuta ta tafi, lita 18 ce ke saukowa kafin iska ta shiga zuƙar ta katse. In an haɗa da ɗan abin da ke cikin aljihu da bututai, ba ya kai lita 30. Muka rage ruwan tankin ƙasa har sarari ya wuce haka, muka manna farin salatif a jikin gilashin: ruwa ba ya haura wannan layi in injin na aiki. Wannan layin ya fi amfani lokacin hunturu, sa'ad da ruwa ke saurin ƙafewa mutum yana ta ƙari. Ku tuna kuma, ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka ruwa mai tsabta marar gishiri ake ƙarawa.

Wasu kan huda ɗan ƙaramin rami a jikin bututun dab da saman ruwa don iska ta shiga. Yana aiki, amma gansakuka da gishiri kan toshe shi, sai an riƙa zura masa tsinke. Akwai kuma bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya. Ku sa in kuna so, amma kada ku dogara da shi. Ɗan yashi ko ɗan katantanwa ya isa ya hana shi rufewa, ba kuma za ku sani ba sai ranar da kuke buƙatarsa.

Sai matsala ta biyu, wadda ta daɗe tana hana ni barcin rana bayan aikin dare: ƙara. Bututun gangarowa guda ɗaya ne, ruwa da iska suna kokawa a cikinsa, yana ta ƙwarƙwar kamar mai kuskurar baki. Maigida ya gano in ya ɗan matse bawul sai ya yi shiru. Gaskiya ne, amma wannan shirun haɗari ne. Bututu ɗaya da aka matse, ranar da katantanwa ta faɗa ciki, injin zai ci gaba da turo ruwa sama babu mafita, sai ta bakin gilashi.

Maganin shi ne bututu biyu a cikin aljihun. Masu wannan kiwo a ƙasashen waje suna kiran tsarin Herbie, akwai ma mai bututu uku da suke kira BeanAnimal. Na farko gajere ne, bakinsa kamar santimita 15 ƙasa da saman ruwan aljihu, ta yadda ba ya shaƙar iska ko kaɗan. Ruwa zalla ke bi ta cikinsa, shi ya sa ba ya ƙara. Shi ke da bawul, kuma a sa masa 'yar rariya a baki. Ƙarshensa a tankin ƙasa ya nutse santimita 2 zuwa 3 kawai. In ya yi zurfi, iskar da ke ciki ba ta iya fita idan wuta ta dawo. Na biyu dogo ne, bakinsa can sama, kusan a bushe yake wuni. Shi ne na ko-ta-kwana. Ba a sa masa bawul, ba a rage masa faɗi, kuma ƙarshensa a bar shi sama da ruwan tankin ƙasa, don in ya fara aiki a ji faɗuwar ruwa har ɗaki. A asibiti ba ma kashe ƙarar na'urar da ke jikin majiyyaci don ta dame mu. Ƙarar ce ke kiranmu.

Saitin bawul ɗin kuwa ni na karɓa, don aikina ne na kullum. Duk wadda ta taɓa saita ƙarin ruwa ta san ba a murza ɗan gargaren nan da gaggawa: ki taɓa kaɗan, ki tsaya ki ƙirga ɗigo, sannan ki sake taɓawa. Haka nan ma. A buɗe bawul gaba ɗaya, a kunna inji, za a ji ƙara. Sai a riƙa rufewa kaɗan-kaɗan, ana jiran minti biyu zuwa uku bayan kowace murzawa, ana kallon ruwan aljihu yana hawa. In ya kai leɓen dogon bututu, har ɗan siririn ruwa na silalewa ta cikinsa babu ƙara, an samu. A cire hannu. Ku nemi bawul mai murɗawa zagaye-zagaye irin kan famfo. Mai hannu guda da ake karkatawa ba ya karɓar ƙaramin saiti, taɓawa ɗaya sai ya zarce. Komai kuma ya zama na roba. Tagulla da jan ƙarfe guba ne ga murjani, ku faɗa wa mai gyaran famfo tun kafin ya je kasuwa. In kuma za a huda gilashi, a tabbatar ba irin wanda aka gasa ba ne, don shi tarwatsewa yake yi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta duk wannan. Kafin ku zuba gishiri, kafin kifi ko ɗaya ya shiga, ku cika da ruwan famfo ku yi gwaji uku, kuna tsaye da tsumma da bokiti.

Na ɗaya, ku zare wutar injin da hannunku, ku jira minti goma sha biyar. Ruwan tankin ƙasa ya tsaya da kansa, da sauran sarari aƙalla yatsu uku.

Na biyu, ku mayar da wutar ba tare da kun taɓa komai ba. Za a ji ɗan hayaniya, dogon bututu ya karɓi ruwa na ɗan lokaci, sannan cikin 'yan mintuna komai ya koma shiru. In sai kun sa hannu yake daidaita, da sauran gyara, don ranar da kuke wurin biki babu mai sa hannun.

Na uku, ku rufe bawul ɗin gajeren bututu ruf, kamar katantanwa ta toshe shi. Dogon ya kwashe ruwan duka shi kaɗai. In ruwan sama ya ci gaba da hawa, ko bututun ya yi ƙanƙanta ko injin ya yi ƙarfi.

Mu kan maimaita gwajin nan duk farkon wata. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau uku a wuni, gwajin zai zo ko kun shirya ko ba ku shirya ba. Gara ya same ku a tsaye da rana.

Soket ɗin nan yanzu yana manne a bango, sama da tanki na ƙasa, kuma kowace waya sai ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa gare shi, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a hanya. Kabad ɗin ma da kwaɗo, saboda ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba. In kuma, Allah ya kiyaye, kuka tarar wuta na jan wani, kada ku taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni tukuna.

Na san yawancinku ba ku da tankin murjani. Amma akwai masu robar tarwada a bayan gida, akwai masu tankin sama da ke ambaliya kan bango duk sanda aka manta injin rijiya a kunne. Tambayoyin ba su canza ba: in wuta ta tafi ina ruwan zai nufa, in mafita ta toshe ina ta biyu, kuma me ke ƙasa a wurin da zai zuba? Ku zagaya gidanku yau ku duba, ku faɗa mini abin da kuka tarar a ƙasan wannan rubutu.

Tankin dai yana nan, ni ma ina nan. Autar yanzu ita ke ba kifayen abinci, tana kiran kowanne da sunan da ta raɗa masa. Allah ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.