Motar da aka ɗaga a ƙofar gida

'Yan'uwa matasa, duk wanda ya taɓa ɗauko buhunan shinkafa daga gonakin Bakolori zuwa kasuwar Talata Mafara ya san abin da ke sa mutum ya ɗaga motarsa. Da zarar an yi lodi, bayanta ya zauna, cikinta ya dinga gogar ƙasa a kowane rami. Sai a samu ranar Asabar, a kafa jak a ƙofar gida, a cusa roba mai kauri a kan sifirin, ko a ciro sifirin wata babbar mota a ɗaura. Ban ga laifin mai neman sauƙi ba. Damuwata ita ce yawancinmu da an sauke jak, sai mu ce aiki ya ƙare.

A daminar bara wani ɗan'uwa a zumuntarmu ya ara mini Golf ɗinsa, na kwashi mutum huɗu zuwa biki a Bakura. Bai gaya mini ya ɗaga ta ba. A hanya akuya ta faɗo mana, na murɗa sitiyari kamar yadda na saba, sai motar ta kwanta gefe guda, bayanta ya yi wutsiya. Ba mu kife ba, amma har muka isa babu wanda ya ƙara cewa uffan.

Dalilin ba boyayye ba ne. In mota ta ƙara tsawo, nauyinta ya koma sama, kamar mai ɗauke da tulu a ka: tafiya miƙe lafiya lau, juyawar gaggawa ce matsala. A 1997 wata mujallar motoci a Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class da irin wannan kaucewar, a gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba, motar ta wuntsila. Dole kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya rage mata tsawo, ya ƙara na'urar da ke hana ta zamewa. Injiniyoyin Jamus ke nan, da duk kayan awonsu. Mu kuwa da ido muke aunawa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Tsawo na sauyawa, tsayuwar tayoyi ta sauya, sai su dinga cinyewa ta gefe guda, sitiyari yana ja. Shokazoba ta miƙe har ƙarshenta, ba ta da sauran wurin aiki, taya ta dinga tsalle a kan gargada maimakon ta riƙe ƙasa. Tiyon birki yakan ɗaure tamau. In baya kaɗai aka ɗaga, fitilun gaba su duƙa, ba ka hango nesa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne birkin baya. Tsofaffin motoci da yawa marasa ABS, irin su Hiace da Hilux, suna da wani ɗan ƙarfe a ƙasa da ke auna yadda bayan mota ya zauna. In ya zauna sosai, ya san akwai kaya, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka ɗaga bayan ba ka saita shi ba, to ka yi masa ƙarya: mota cike da mutane, shi kuwa yana ganin babu kowa. Ƙarin sifirin kuma bai ƙara wa taya ko birki ƙarfin ɗaukar kaya ba ko kaɗan.

Ku haɗa wannan da halin da hanyoyinmu suke ciki. Ba mai son duhu ya riske shi tsakanin Maradun da Mafara, kowa taka mota yake.

Don haka in ka ɗaga, kai ta gareji a saita tayoyi, a duba tiyon birki da wancan ƙarfen, a gyara fitilu. Gwada ta kai kaɗai a fili kafin ka ɗauki kowa. In za ka ba da aro, faɗa wa direban abin da ka taɓa. Masu shirya tafiyar taron matasa kuma, idan motar haya ta zo bayanta a sama kamar fara, ku tambayi direba me aka yi mata kafin ƙannenmu su shiga.